Tambaya da Amsa: Labarin rijiya ya burge ni, ya kuma hana ni barci

Yawancin wasiƙun da suka shigo wannan karon a kan abu ɗaya suke: wani gajeren labari da ke yawo a wayoyin mutane a Gombe, babu sunan marubuci a kansa. Mun zaɓi huɗu. Ta farko ta kawo labarin a taƙaice, saboda haka wanda bai karanta shi ba ma zai gane inda aka dosa.

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Wata ƙawata ce ta turo mini labarin ta WhatsApp, bai wuce shafi huɗu ba. Wata mata ce ke ba da shi da bakinta. Kishiyarta ta rasu ta bar 'ya mai shekara tara, riƙon yarinyar ya dawo hannunta. Tun daga farko take lissafa alherin da ta yi mata: ba ta taɓa dukanta ba, ba ta taɓa hana ta abinci ba, kayan salla ma iri ɗaya take ɗinka musu da 'yarta. Sai dai kullum da asuba, ko da hunturu ne, yarinyar ce ke jan ruwa a rijiyar gidan, 'yarta kuwa tana cikin bargo. Gungumen da ke bakin rijiyar gara ta cinye cikinsa. Matar ta sani, sau biyu tana cewa za ta gaya wa maigidan, ba ta gaya masa ba. Wata asuba tana kan sallaya ta ji ƙara, sai kuma shiru. Ta ce sai da ta idar da laziminta sannan ta fita. Labarin ya ƙare ranar sadakar uku: tana auna geron gumba ta ga silifas ɗin yarinyar a bayan randa, ta ɗauko ta gwada wa 'yarta, suka yi mata cif. Shi ke nan. Ba wanda ya gano, ba abin da ya samu matar.

Wallahi sau uku na karanta. Rubutun ya yi kyau ƙwarai, amma raina ya ɓaci, ranar ban yi barcin kirki ba. Abin da ya fi damuna shi ne akwai inda na tausaya wa matar, wurin da take faɗin yadda mijin ya riƙa kiranta da sunan marigayiyar bisa kuskure, da yadda ta shekara goma sha ɗaya a gidan kamar baƙuwa. Na ji kunyar kaina. Shin labarin nan mai kyau ne ko mummuna? Kuma me ya sa na kasa ajiye shi?

Wata mai karatu, Jekadafari, Gombe

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Abu uku kika zuba a ƙwarya ɗaya, shi ya sa suka cakuɗe miki. Ɓacin ran da kika ji na matar ne da mijinta. Burgewar ta marubuci ce. Kunyar kuwa taki ce ke da kanki. Tun da kowanne da inda ya nufa, ba su karo da juna. Ana iya yaba wa hannun wanzami ana kuma jin zafin askarsa.

Mun karanta labarin, kuma kasa ajiye shi da kika yi aikin dabara ne, ana iya nuna ta da yatsa.

Ta farko ita ce bakin da aka zaɓa ya ba da labarin. Da wani ne daga gefe ke cewa "ta yi kaza, ta ce kaza", da kin tsaya can nesa kina kallonta kamar yadda ake kallon faɗan maƙwabta ta kan katanga. Amma "na" aka yi amfani da shi: na tashi, na ji, na idar. Mai karatu kuma duk "na" ɗin da ya karanta a zuciyarsa, da muryarsa yake furta shi. Shafi huɗu kika yi kina cewa "na" a madadinta. Koma kuma ga sakin layi na farko ki duba siffar jimlolin. Kusan duk alherin da ta lissafa korewa ne: ban taɓa dukanta ba, ban taɓa hana ta ba, ban taɓa zaginta ba. Wanda zuciyarsa ke kwance ba ya buɗe zance da kare kai. Wannan magana ce ta wadda ta kai kanta gaban alƙali ba tare da an kai mata sammaci ba, kuma kunnen mai karatu yana jin hakan tun kafin hankalinsa ya gano.

Ta biyu, ba a nuna miki faɗuwar ba. Ƙara ne, sai shiru. Marubucin da bai ƙware ba da ya cika rabin shafi da ihu da kokawa da ruwa. Wannan ya bar gurbin a buɗe, sai zuciyarki ta cike shi da abin da take da shi: rijiyar da kika sani, gugan da kika taɓa ja, wataƙila har da fuskar yarinyar da kika sani. Hoton da mutum ya zana wa kansa ya fi wanda aka miƙa masa wuyar gogewa. Daga nan rashin barcin ya fito.

Ta uku ita ce lazimin, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Tasbihi talatin da uku, tahmidi talatin da uku, takbiri talatin da uku, da 'yar addu'a a kai: minti uku ne zuwa biyar ga mai yi a natse. Marubucin bai faɗi adadin mintunan ba, amma duk wanda ya saba riƙe carbi ya san tsawonsu a jikinsa. Matar ba ta tura yarinyar ba, ba ta yanke igiya ba, ba ta zuba komai a abinci ba. Laifinta biyu ne, duka na bari: ba ta faɗa ba, ba ta tashi ba. Da kisa ta yi da hannunta, da kin tsine mata kin juya kin yi barcinki, don kin san ke ba za ki aikata ba. Amma "zan faɗa gobe" da "bari in ƙarasa wannan tukuna", wane ne a cikinmu bai taɓa furta su ba? Labarin ya ajiye mugunta a wurin da ƙafar kowa ke takawa. Ya kuma naɗe jinkirin cikin ibada, abin da ya sa tsigar jiki ke tashi, domin matar ta samu mafakar da ba wanda zai iya tuhumarta a ciki.

Sai silifas. Duba shafi na farko, an ambace su sau ɗaya a gurguje, inda ta ce ta sayo wa yaran biyu a kasuwa, na marainiyar ta sayo da ɗan girma "don ta daɗe tana sawa". Mai karatu ya wuce bai kula ba. A ƙarshe da suka yi wa 'yarta daidai, sai wancan ɗan girman ya dawo da wata ma'ana. Labarin bai ce ta yi niyya tun lokacin ba, bai kuma ce ba ta yi ba. An bar ki da tambayar ki tafi da ita gida.

Game da tausayin da kika ji kunyarsa: gane dalilin mutum daban, wanke shi daban. Alƙali ma yakan saurari abin da ya kai mai laifi ga laifi, bai hana shi yanke hukunci ba. Macen da aka shekara goma sha ɗaya ana kiranta da sunan wata an zalunce ta, wannan gaskiya ne. Ta bar yarinya a rijiya har ta gama jan carbi, wannan ma gaskiya ne. Ta farkon ba ta rage wa ta biyun ko ƙwayar gero ba. Da marubucin ya mai da ita dodo mai wutsiya, da ba abin da za ki koya game da yadda riƙo ke lalacewa a gidajen da ba a duka, ba a zagi, kowa kuma yana cewa ai ana kyautata wa marainiya.

Yanzu ga yadda za ki auna shi da kanki, shi da duk wani labari irinsa. Ki bar shi kwana ɗaya ko biyu tukuna. Hukuncin daren farko na gigita ne. Sannan ki kwafe shi a takarda ko ki kai a buga miki, domin karatu a waya yana sa ido gudu. Ki karanta da ƙarfi, a hankali. Labari mai kalma 1,500 zai ci miki minti goma zuwa sha biyu. Ki riƙe biro biyu masu launi daban: da ɗaya ki ja layi a duk inda gabanki ya faɗi, da ɗayan a duk inda kika ji marubuci na tura ki da ƙarfi, wato inda ya gaya miki abin da za ki ji maimakon ya nuna miki abin da ya faru. In layukan farko sun fi yawa, kuma sun faɗa a kan ƙananan abubuwa kamar carbi da takalmi, labarin ya samu hannu. In na biyun sun rinjaya, ana so ne a matse miki hawaye.

Daga nan ki sa tafin hannu ki rufe sakin layin da ya fi muni, ki karanta sauran. In labarin ya rushe, munin ginshiƙi ne. In ya tsaya yadda yake, ƙarin gishiri ne kawai aka yi don a ja masu turawa. A labarin nan in kika rufe wurin lazimin ba abin da ya saura, don haka ya ci wannan gwajin.

Amma yana da rauni biyu, kuma muna zaton wani ɓangare na ɓacin ranki daga nan yake, ko da ba ki sa masa suna ba. Yarinyar ba ta da murya. A duk shafuka huɗun sau ɗaya ta yi magana, "To, Inna." Ba mu san abin da take so ba, ko wasan da take yi, ko wanda take kewa. Za a iya cewa da gangan ne, tun da matar ce ke ba da labari kuma ba ta taɓa kallon yarinyar a matsayin mutum ba. Uzurin yana da ƙarfi, amma bai isa ba. Jimla biyu sun wadatar: a ce takan yi waƙa ƙasa-ƙasa in tana jan guga, matar kuma ta tsani waƙar don uwarta ce ta koya mata. Da an yi haka, da shirun da ya biyo bayan ƙarar ya zama shirun waƙa, da kuma yarinyar ta tashi daga kayan aikin marubuci ta zama 'yar mutane. Rauni na biyu, zaman makokin ya yi tsabta da yawa. Duk wanda ya taɓa zama a cikin gida ranar rasuwa ya san mata ba sa rasa tambaya. Yarinya 'yar shekara tara a bakin rijiya kafin gari ya waye, da hunturu? Dangin uwarta za su zo, kuma ko ba su ce uffan ba, akwai kallon da ƙanwar uwa za ta yi. Marubucin ya share wannan kallon don ya samu ƙarshe mai sanyi, ya sayi tasiri da ɗan guntun gaskiya.

Hukuncinmu dai: labari ne mai kyau, mai aibi biyu. Ba dole ne ki so shi ba, ba kuma dole ne ki tura wa kowa ba.

TAMBAYA

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare. A ganina labarin da mugu ya sha ba tare da hukunci ba yana ɓata tarbiyya. Mu da muka tashi, a tatsuniya ma kishiya mai mugunta ƙarshenta ba ya kyau. Wannan salon baƙo ne a gare mu. Ɗalibaina sun riga sun karanta a wayoyin iyayensu, suna ta tambayata. In kawo shi aji ko in hana zancensa?

Wani malami, Kumo

AMSA

Malam, Allah ya ƙara basira. Mun yarda da rabin maganarka. Gaskiya ne tatsuniya takan biya kowa haƙƙinsa kafin a tashi, kuma "ƙurunƙus" ɗin da ake rufewa da shi ƙofa ce da ake ja wa yaro, a ce masa dodo ya koma, je ka kwanta. Gajeren labari na zamani sau da yawa ba ya jan wannan ƙofar.

Inda muka rabu shi ne cewa baƙin labari baƙo ne a wurinmu. Littattafan ƙagaggun labarai na farko da aka buga da boko, waɗanda suka biyo bayan gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, biyu daga cikin biyar ɗin masu ɗaci ne. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya rubuta yana malamin makaranta a Bauchi, labarin yaro ne da aka sace da uwar da ta fita nemansa ta faɗa hannun masu fataucin bayi, ba su sake haɗuwa ba sai tana gab da rasuwa. Ba a biya uwar nan wahalarta a cikin littafin ba. Jiki Magayi kuwa ramuwar gayya ce ta wanda mai dukiya ya ƙwace wa budurwa, kuma ramuwar ta sauka a kan ɗan mai dukiyar, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Shekara da shekaru ana karantar da su a makarantu.

Fatawa ta malaman addini ce, ba tamu ba. Abin da kowane ɗalibin allo ya sani dai shi ne Suratu Yusuf ta ba da labarin 'yan'uwan da suka jefa ƙaninsu a rijiya, suka dawo wa mahaifinsu da dare suna kuka, da riga mai jinin ƙarya, Suratul Ma'ida kuma ta ba da na ɗan Adamu da ya kashe ɗan'uwansa. Ambaton mugunta bai zama yabonta ba. Abin dubawa shi ne ko labari ya ƙawata ta, ya sa mai karatu sha'awarta. Akwai ɗalibin da zai gama labarin rijiya ya ce yana so ya zama kamar matar nan? Kuma a lura, ba wanda ya tambaye ta, ita ce ta zauna take ta ba da labarin, tana maimaita "ban taɓa ba". Alhaki kuikuyo ne. Marubucin bai nuna shi yana cizo ba, ya nuna shi kwance a bakin ƙofarta.

Tun da sun riga sun karanta, hana zancen ba zai cire shi daga kansu ba, zai dai bar su da shi su kaɗai. Ka kawo shi, amma ga 'yan aji biyar da shida, ban da ƙananan azuzuwa. A darasi mai minti arba'in, ka ɗauki minti biyu ka gaya musu akwai rasuwar yarinya a ciki, wanda ba zai iya ba ya fita ba sai ya faɗi dalili ba. Ka karanta da kanka, minti goma sha biyu, kada ka ba ɗalibi, don wani zai sa wasa a muryar matar ajin ya fashe da dariya. Ka ba su minti biyar kowa ya rubuta jimla uku shiru: abin da ya ji, jimlar da ta sa ya ji, da tambayar da zai yi wa matar. Sauran lokacin na tattaunawa ne.

Abu biyu ke lalata irin wannan darasi. Na ɗaya, a kowane aji akwai marayu da 'yan riƙo. Kada ka ce wa ke zaune a hannun kishiyar uwa, kada ka bar ɗalibai su juya suna kallon wanda suka sani. Na biyu, cikin minti uku zancen zai koma tsinuwa ga matan uba gaba ɗaya, alhali a ajin akwai waɗanda matan uba suka riƙe da amana, akwai kuma waɗanda iyayensu mata ne ke riƙon 'ya'yan wasu. Da ka ga an nufi can, ka jefa musu wannan: maigidan fa? Wa ke da haƙƙin duba bakin rijiyar gidansa? Yana ina kullum da asuba har bai san wace ke jan ruwan alwalarsa ba? Aikin gida kuma, kowa ya sake rubuta shafin ƙarshe da bakin ƙanwar uwar yarinyar. Da wannan za su gane da hannunsu abin da sauya mai ba da labari ke yi wa jigo, fiye da yadda bayanin allo zai koya musu.

TAMBAYA

Ɗana ya rasu a ruwa shekara biyu da suka wuce. An turo labarin a zauren danginmu, na karanta ban san abin da ke ciki ba. Tun ranar komai ya dawo mini sabo. Wasu na cewa ai labari ne kawai.

Wata uwa, Dadin Kowa

AMSA

'Yar'uwa, Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne, ya ba ki haƙuri. A wurin masu faɗin haka labari ne kawai. A wurinki ya taɓa ciwon da bai gama warkewa ba. Duk bayanin da muka yi a sama na sake karatu da biro ba naki ba ne. Ki goge shi daga wayarki, kada ki koma masa don gwada ƙarfin zuciya. Ki samu mutum ɗaya da kika amince da shi ki gaya masa abin da ya dawo miki, da rana, ba da dare ba. Ki ajiye waya awa ɗaya kafin kwanciya. In aka yi mako biyu zuwa uku barci bai dawo ba, ko abinci ya ƙi shiga, ko hoton yana faɗo miki da rana har ya hana ki aiki, ki je asibiti ki faɗa wa likita yadda kika faɗa mana. Abu ne da suka sani, kuma ana samun sauƙinsa.

Masu turawa kuma: layi ɗaya a sama, "akwai rasuwar yaro a ruwa a ciki", ba ya rage wa labari komai.

TAMBAYA

Ina rubutu, kuma ina so in gwada irin wannan labarin don shiga gasa. Na rubuta ɗaya a kan yarinyar da aka yi wa auren dole, amma waɗanda na ba su karanta sun ce ya yi yawa, wata ma ta ce dariya ya ba ta a ƙarshe. Ina kuskuren yake?

Wata ɗaliba, Tudun Wada, Gombe

AMSA

Ƙanwarmu, ba mu ga rubutun ba, amma dariya a ƙarshen labarin baƙin ciki alama ce da ba ta cika kuskurewa ba: masifu sun yi yawa. An yi auren dole, miji ya yi duka, ciki ya zube, uwa ta rasu a hanyar zuwa dubiya, gobara ta tashi. Zuciyar mai karatu tana ɗaukar ta farko da ta biyu. Daga ta uku sai ta daina yarda, ta fara hango hannun marubuci yana jefo duwatsu. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, kalma 1,000 zuwa 1,500 take karɓa. Wannan fili masifa ɗaya yake ɗauka, da taurari biyu ko uku, da wuri ɗaya ko biyu, da lokacin da bai wuce 'yan kwanaki ba. Ki zaɓi masifa guda, ki zubar da sauran ko ki adana su don wani labarin.

Ki raba kalmomin kamar haka, a kan 1,400: wajen 300 na farko su nuna yarinyar tana raye da harkarta, da abin da take so wanda bai shafi auren ba, ko da ƙunshi ne ko lissafi ko kiwon akuyarta. Wajen 700 na tsakiya su tafi a kan matsin, ta hanyar magana da aiki. Abin da ya fi muni ki ba shi ƙasa da kalma 100. Ragowar na abin da ya biyo baya ne. Yawancin masu farawa suna juya wannan lissafin, su ba munin rabin labari, su ba yarinyar layi biyu, sai a rasa wadda za a yi wa kuka.

Ki bi rubutun ki cire kalmomin da ke ba da umarni ga zuciya: abin tausayi, abin takaici, wayyo duniya, hawaye kamar an buɗe famfo. A gurbin kowanne ki sa abu ɗaya da ido zai gani. Wanda ya yi zaluncin ki ba shi dalilin da shi ya yarda da shi, bashi ne, ko alkawari, ko tsoron bakin mutane, kuma ki bar shi ya yi abin kirki sau ɗaya. Uban da ya saya wa 'yarsa tsire a daren da ya karɓi sadakinta ya fi uban da ke zare ido daga farko har ƙarshe ban tsoro.

Akwai iyaka ɗaya da ba ta salo ba ce. In labarin ya kai ga tauraruwa ta halaka kanta ko ta sa wa wani guba, kada ki ambaci sunan abin, ko adadinsa, ko inda ake samunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin 'yan jarida da masu shirya fim a kan bayyana hanya dalla-dalla, domin akwai mai karatun da ke cikin irin halin, kuma bayanin na iya zame masa jagora. Kada kuma ki ɗauko abin da ya faru a unguwarku ki sauya suna kawai. Gombe ba ta da girman da za a kasa ganewa. Ki sauya gari, sana'a, yawan 'ya'ya da shekaru.

Ƙarshe kuma, ki duba sakin layinki na ƙarshe. In ya fara da "Don haka ina kira ga iyaye", ki yanke shi ɗungurungum, ki duba wanda ke samansa. Sau da yawa a can labarin ya riga ya tsaya. Ki ba mutum uku su karanta, kada ki tambaye su ko ya yi daɗi. Ki bari sai bayan kwana uku ki tambayi kowannensu abin da ya tuna. In duka ukun sun ambaci abu ɗaya, akuyar ce ko tsiren, ki koma shafin farko ki tabbatar kin ambace shi a can sau ɗaya, a gurguje, sannan ki aika.